Autan da Ya Ari Sunan Wansa

An yi wani mutum, auta ne a ɗakin uwarsa, kuma da Auta kowa ya san shi, har ya yi gemu sunan bai sake shi ba. Su biyu ne maza a gidan, shi da wansa. Shekara huɗu ce tsakaninsu, amma kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara. Tsayi ɗaya, goshi ɗaya, hatta muryarsu sai wanda ya san su sosai yake bambancewa.

Sai dai kamar a fuska ta tsaya. Wan ya zauna ya yi karatu, shekara bakwai yana fama da littattafai masu kaurin bulo, ya fito likita. Auta kuwa ba ya iya zama. Ya fara gyaran waya ya bari. Ya fara koyon walda ya ce tana ɓata masa ido. Ya buɗe shago, bai shekara ba ya rufe.

Ba mugu ba ne, ya 'yan uwa. Ku riƙe wannan, domin da mugu ne da labarin bai ɗaure mana kai ba. Mutum ne mai fara'a, mai zumunci, mai kaifin ƙwaƙwalwa, abin da ya ji sau ɗaya ya zauna masa. Haƙurin koyo ne kawai ba shi da shi.

Da wan ya ga ƙanensa yana ta gararamba, sai ya ce ya zo ya riƙa tuƙa shi. Shekara biyar Auta yana kai shi asibiti yana ɗauko shi. In jira ya yi tsawo, sai ya zauna kan benci a bakin ofis, ƙofa a buɗe rabi, yana jin duk abin da ake faɗa. Ya haddace sunayen magunguna. Ya iya yadda likita ke gyara zama ya ce, "Tun yaushe abin ya fara?" Har rubutun nan na likitoci mai kama da tonon kaza ya iya. A gida yakan kwaikwayi wansa a yi ta dariya.

Sai Allah ya yi wa wan rasuwa. Ciwon kwana uku ne, ya tafi ya bar matarsa da 'yarsa mai shekara shida.

Bayan an share makoki, aka tura Auta ya kwaso kayan mamacin daga ofis. Ya tarar da farar riga a rataye bayan ƙofa, da abin sauraron ƙirjin nan da likitoci ke ratayawa a wuya. A cikin durowa kuma ga hatimi mai ɗauke da sunan wan, ga babbar ambulan da takardun shaidar karatunsa da lasisinsa na aiki. Uwarsu ta ce, "Ka kai wa matar yayanka. Ajiyar marainiya ce, in ta girma ta ga abin da ubanta ya zama."

Ya ce to. Ya sa kayan a jaka, ya tura ƙarƙashin gadonsa. In kun tambaye ni me ya hana shi kaiwa, ban sani ba. Ni da kaina na tambaye shi daga baya, lokacin da nake zuwa gidan yari ina karantar da fursunoni, ya ce shi ma bai sani ba.

Wata rana yana tsaye a layin banki, sai wani dattijo ya kama hannunsa da hannu biyu. Tsohon majinyacin wansa ne, labarin rasuwar bai kai gare shi ba.

"Likita! Allah ya haɗa mu. Maganin hawan jinin nan, in ci gaba da sha ko in tsaya?"

Auta ya buɗe baki. Faɗa masa cewa wanda yake nema ya rasu, magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Amma abin da ya fito shi ne, "Ci gaba da sha, baba, ka dai rage gishiri."

Dattijo ya yi ta sa masa albarka. Mutanen da ke layi suka dare, suka ce likita ya wuce gaba, marasa lafiya na jiransa. Tun da aka haife shi ba a taɓa dare masa hanya ba. Ya wuce. Ya ce mini ranar har ya isa gida yana jin kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Ya 'yan uwa, haka take farawa. Ba wanda ke tashi da safe ya ce yau zan kashe uwar 'ya'ya uku. A'a. Girma ne na aro ake miƙo maka, ka ji daɗinsa a baki, ka kasa tofarwa.

Aikin tuƙi ya tafi da mai motar. Auta ya zauna wata da watanni ba abin yi. Sai ya ji labarin wani ƙaramin asibitin kuɗi a wani gari mai nisa, suna neman likita ruwa a jallo. Ya jawo jakar nan. Ya ce wa kansa zai je ne kawai ya ga ko za su gane. Kun ji dabarar Shaiɗan? Ba ya cewa ka faɗa rijiya, cewa yake leƙa ka gani.

Mai asibitin ɗan kasuwa ne, ba likita ba. Ya dubi hoton da ke jikin takarda, ya dubi fuskar da ke gabansa, ya ce, "Yaushe za ka fara?" Bai kira kowa ba, bai bincika ko'ina ba. Ko da ya bincika ma, ba wanda ya sanar da hukumar rajistar likitoci cewa mai sunan ya rasu. A kabari mamaci ne, a takarda yana da rai.

Asibitin ɗaki shida ne a jere. Gado takwas, koren labule, fanka mai kuka in tana juyawa, sikeli a baranda, kabad cike da katunan marasa lafiya. Aka sa takardun wan a gilashi aka rataye a bangon ofis, Auta ya sa farar riga ya zauna a ƙarƙashinsu.

Akwai wata tsohuwar nas a wurin, shekararta talatin tana aiki, kowa Sista yake ce mata. A kanta ya jingina. In an shigo da mara lafiya, sai ya tattaɓa shi, ya saurari ƙirji, ya juya ya ce, "Sista, ke me kika gani?" In ta faɗa, ya gyaɗa kai ya ce, "Ni ma haka na gani." Ita kuwa ta riƙa ba da labarinsa, wai ba ta taɓa aiki da likita mai tawali'u irinsa ba.

Abin da ya fi ƙarfin Sista kuma, sai ya ce a ba shi minti biyu, ya shiga banɗaki ya rufe, ya ciro waya yana bincike. Har masu shara suka fara tausaya masa, suna cewa likita yana yi wa jama'a magani, shi kuwa cikinsa ya ƙi zama lafiya.

To ga inda abin yake rikitar da mutum. Mutane suna warkewa. Mai zazzaɓi ya sha magani ya tashi, mai mura ta warke, yaro mai gudawa aka sa masa ruwa ya miƙe. Allah ne mai warkarwa, kuma yawancin ciwon yau da kullum da ma mai wucewa ne. Amma gari ya ɗauka cewa sabon likita hannunsa na da albarka. Ganin kitse ake yi wa rogo. Mafi muni, shi kansa rogon ya fara zaton ko kitsen ne. Yakan ce a ransa, to mene ne bambancina da Yaya, in ba zaman aji ba?

Sista ta fara ganin abubuwan da ba ta gane ba. Likita ya kasa samun jijiya a hannun ƙato. Likita ya ɗaga hoton ƙirji a juye yana ta nazari. Wata rana ya rubuta wa jariri adadin maganin babba, ta gyara a ɓoye. Sai ta shiga ofis kamar tana neman wani abu, ta dubi takardun bango, ta dubi fuskarsa, ta fita kanta a ɗaure. Ta ce wa kanta wataƙila gajiya ce, ai takarda ba ta ƙarya.

A shekara ta biyu ya yi aure. Malamar firamare ce, ta kawo mahaifinta wankin ciwo suka saba. Da sunan wansa ya nemi aurenta, da sunan aka ɗaura. Ya ce mata iyayensa sun rasu, wata tsohuwar gwaggo kaɗai ta rage masa, ita ce ke kiransa Auta. Uwarsa kuwa, wadda ya mayar gwaggo tana raye, ya ce mata direba ne shi a wani kamfani, aiki ne ya hana shi zuwa gida. Waya biyu ya riƙe, ɗaya ta likita, ɗaya ta Auta.

Rannan suka rikice masa. Uwar ta kira yana tsakiyar duba mutane, ya ɗauka bai duba ba, ya faɗi sunan wansa da muryar nan tasu iri ɗaya, ya ce, "Likita ne ke magana." Tsohuwa ta saki wayar ta faɗi. Kwana biyu tana kwance tana rawar ɗari, tana cewa ta ji muryar ɗanta daga lahira. Ya kira ya lallashe ta, ya ce layi ne ya harɗe. Ta yarda, ko ta yi kamar ta yarda.

Ku dubi wannan rayuwa, ya 'yan uwa. Bayan sallar asuba ya ɗaga hannu ya ambaci sunan wansa, ya ce Allah ka ji ƙansa, ka haskaka kabarinsa. In hantsi ya yi, ya ɗauki biro ya sa hannu da wannan sunan a katin mutane. To wa ake roƙa wa gafara, wa kuma ke sa hannu? Aka haifa masa 'ya, aka rubuta sunan uba a takardar haihuwa, sunan mutumin da ya shekara biyu a ƙasa. Ya ce mini akwai ranakun da in ya tsaya gaban madubi yana gyara wuyan riga, sai ya ji kamar ya gaishe da wanda yake gani.

Shekara uku aka yi a haka. Rana dubu ta ɓarawo.

Wata Talata da hantsi, wani magini ya shigo da matarsa, siminti bai bushe a ƙafarsa ba. Ta riƙe mara, gumi na keto mata, tafin hannunta ya yi fari fat. Ko takalmi babu a ƙafarta saboda gaggawa. Ta ce wata biyu ba ta ga al'adarta ba.

Sista ta auna ta, ta ja likita gefe ta rage murya. "Likita, wannan ba tamu ba ce. Ina tsoron ciki ne ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, jini na zuba ta ciki. Ka rubuta takarda a wuce da ita babban asibiti yanzu-yanzu, aiki take bukata."

Ya san gaskiya ta faɗa. Amma akwai abin da ya sani wanda ita ba ta sani ba. Wata guda kafin nan an kawo sabon likitan tiyata babban asibitin, kuma aminin wansa ne. Tare suka yi karatu, kuma shi ne ya shiga kabari ya karɓi gawar ranar jana'iza. Takardar tura mara lafiya kuwa sai da suna, da sa hannu, da hatimi, kuma a hannun wannan mutumin za ta sauka.

Gaba kura, baya sayaki. A ɗaya hannun ran matar mutane, a ɗaya hannun asirinsa. A karo na farko cikin shekara uku bai ce "ni ma haka na gani" ba.

"Gyambon ciki ne," ya ce. "A sa mata ruwa, a yi mata allurar kashe zafi."

"Likita, ka dubi idonta fa."

"Sista, ni ne likita ko ke?"

Ta juya ta ɗauko ruwan da allurar. Ba ta taɓa jin wannan daga bakinsa ba.

Magini ya matso yana murza hula a hannu. "Likita, ko in kai ta gaba ne?"

"Kwantar da hankalinka. Zuwa la'asar za ta tashi da ƙafarta."

Bawan Allah ya yi godiya har da rusunawa, ya fita kasuwa ya sayo mata silifas da za ta taka zuwa gida.

Allura ta danne zafin, matar ta yi lamo. Auta ya shiga ya fita, ya shiga ya fita. Ya kulle kansa a banɗaki ya duba waya, duk inda ya buɗe maganar Sista yake gani. Ya dawo ofis ya ɗauki biro ya ajiye. Ya sake ɗauka, ya rubuta kwanan wata, ya yaga takardar. Yana ta ce wa kansa wataƙila gyambon ne da gaske, wataƙila Sista ta yi kuskure, wataƙila Allah zai rufa asiri kamar yadda ya saba. Ashe jinkirin da Allah ke yi masa shi ya ɗauka rufin asiri.

Da azahar Sista ta taɓa hannun matar ta ji bugun jini ya kusa ɓacewa. Ba ta sake neman izinin kowa ba. Ta zari katin da likita ya sa wa hannu ya buga wa hatimi da safe, ta tsayar da motar haya, ita da magini suka ɗauke ta. Tafiyar minti ashirin ce. A bakin ɗakin tiyata rai ya yi halinsa. Magini yana tsaye da sabon silifas a leda.

Likitan tiyata ya karɓi katin don ya ga wanda ya riƙe mace a wannan hali tun safe. Ya karanta sunan. Ya sake karantawa. Ya nemi kujera ya zauna.

"Wa ya sa hannu a nan?"

"Likitanmu ne," in ji Sista.

"Yaushe?"

"Yau da safe, a gabana."

"Baiwar Allah, mai wannan sunan ni na sa shi a kabari da hannuna."

Ta ɗauka ya zautu, shi ya ɗauka ƙarya take yi. Ya ce ta shiga mota ta kai shi. Suka tarar da Auta a ofis, cikin farar riga, ƙarƙashin takardun nan. Bai gudu ba, bai ma san ina zai gudu ba. Likitan ya tsaya a bakin ƙofa ya dafa bango yana salati, don a kallon farko amininsa ya gani zaune. Sai da ya ƙura masa ido, sannan ya ce a hankali, "Auta?"

Auta ya waiwaya bayansa, kamar wani ake kira.

Daga nan 'yan sanda suka shigo cikin maganar, kuma rikici ya bi kowa gida. Sunan wansa da ke jikin katin shaidarsa na aiki suka rubuta, shi 'yan jarida suka ɗauka. Washegari rediyo ya faɗi sunan mamacin, wai likita ya yi sanadin mutuwar matar magini. Mutumin da ya yi aikinsa da amana har ya koma ga Allah, shi ake tsinewa a gari. Yara suka tare marainiyarsa a makaranta suka ce ubanki ya kashe mace, yana hannun hukuma. Yarinya ta sheƙo gida da gudu, fuskarta cike da murna, ta ce, "Mama, ashe Baba yana da rai?" Ku gaya mini, da wane baki uwa za ta amsa wannan?

Hukuma ta garƙame asibitin. Aka yi sanarwa cewa duk wanda aka duba a wurin cikin shekara uku ya je a sake duba shi. Layi ya miƙe har titi, kowa da katinsa a hannu, an yi cirko-cirko. Wani ya shekara biyu yana gudun zaƙi yana shan ƙwaya, ashe ba shi da ciwon suga. Wata an ce mata gyambo ne, ashe ƙari ne a cikinta, ya riga ya yi nisa. Takardun shaidar lafiya da ya sa wa hannu duk suka zama banza, har waɗanda aka ɗauka aiki da su sai da aka kira su. Masu mamata kuma suka zauna suna tambayar kansu, shin kwanan nasu ne ya ƙare ko kashe su aka yi? Wannan tambayar ba mai amsa musu ita har abada.

Duk da haka wata tsohuwa ta zo harabar kotu tana buga ƙafa a ƙasa, tana cewa shi ya warkar mata da ƙafar, a sakar mata likitanta. Aka kusa ba hammata iska tsakanin masu tsine masa da masu kare shi.

Sista aka dakatar da ita, ta yi makonni tana amsa tambayoyi, aikin shekara talatin ya ƙare mata da kunya. Mai asibiti shi ma ya gurfana, don ya damƙa rayukan mutane a hannun wanda bai bincika ba.

Laifi huɗu aka karanta wa Auta: sojan gona, amfani da takardun wani, aikin likita ba lasisi, da sanadin mutuwar rai. Da alƙali ya ce ya faɗi sunansa, sai ya fara faɗin na wansa. Ya tsaya a tsakiya. Takardun gaban kotu suna cewa abu ɗaya, shaidu suna cewa wani. Dole aka aika a ɗauko uwarsa, ta faɗa wa kotu wane ne wannan a cikin 'ya'yanta.

Aka riƙo tsohuwa har gaban alƙali. Ta daɗe tana kallon wanda ke tsaye a akwatin masu laifi.

"Mama, kin san wannan mutumin?" in ji alƙali.

"Ranka ya daɗe, maza biyu na haifa. Ɗaya likita ne, ya rasu. Ɗaya direba ne, yana kamfani, mun saba yin waya da shi." Ta goge ido da gefen mayafi. "Wannan fuskar tawa ce, ni na haife ta. Autana ne. Amma abin da aka ce ya yi, ban san wanda ya yi shi ba."

Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa. A barandar kotun nan ne ta fara haɗuwa da surukarta da jikarta. Matar Auta ta durƙusa ta ce, "Sannu, Gwaggo." Tsohuwa ta ce, "Gwaggon wa, 'yar nan?"

Kafin a yanke hukunci aka ba magini dama ya yi magana. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ni har yanzu ban gane ba. Na tambaye shi ko in kai ta gaba, ya ce a'a. Da ya ce mini bai sani ba, wallahi da a kafaɗa zan ɗauke ta in ruga. Me zai rage shi in ya ce bai sani ba? Yarana uku suna tambayata, ni ma tambayar nake yi."

Alƙali ya ɗaure Auta shekara goma sha biyu.

Bayan wata guda matarsa ta zo wurina, goye da 'yarta. Ta ce ta je gidan yari ziyara, gandiroba ya tambaye ta wa ta zo gani, ta faɗi sunan mijinta, ya duba littafi ya ce ba mai wannan suna a nan. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa tuna sunansa na gaskiya, don sau ɗaya ta taɓa jinsa, a kotu. Ta juyo gida ba ta gan shi ba.

Ta ce, "Malam, ni matar wa ce? Wanda aka ɗaura mini aure da sunansa ya mutu kafin in san shi. Wanda na zauna da shi ban san shi ba. Takaba zan yi, ko jira zan yi? Yarinyar nan in ta girma, 'yar wa zan ce mata?"

Ya 'yan uwa, shekarata talatin da wani abu ina amsa tambayoyin mutane. Ba a taɓa kawo mini irin wannan ba. Hukuncin auren yana da amsa a wurin malamai, kuma na haɗa ta da waɗanda suka fi ni sani suka warware mata. Amma abin da take tambaya a zuciyarta ba a littafi yake ba.

To ku saurara. Malamai sun karantar da mu cewa wanda ya sa hannu a jikin mutane da sunan magani, alhali ba a san shi da ilmin ba, duk abin da ya lalace yana wuyansa. Hukuma za ta kama shi a nan duniya, ta ɗaure shi, ta rufe wurinsa, ta kama wanda ya ba shi wurin. In ya kuɓuce wa hukuma, akwai kotun da ba a shiga da takardar wani. Can da sunanka za a kira ka, kuma ba za ka waiwaya ba.

Kada wani ya ce ai ni ban saci takardar kowa ba. Kai mai shagon magani da ake ce maka dakta kana amsawa, kana tsira wa mutane allura a bayan kanta, da kai nake. Ke da kika yi wata shida kina shara a asibiti, yanzu kina karɓar haihuwa a ɗaki, da ke nake. Kai da ka karanta abu a waya ka ce wa maƙwabcinka ba sai ya je asibiti ba, da kai nake. Mai asibitin da ke ɗaukar ma'aikaci don ya ga farar riga, kai ma ba ka fita ba. Mu kuma marasa lafiya, tambaya ba rashin kunya ba ce. In jikinka ya ce maka a wuce gaba, ka wuce.

Ku koya wa harshenku cewa "ban sani ba." Ba ta taɓa kashe kowa ba. Mai faɗinta yakan ji kunyar minti ɗaya ya kwana lafiya. Wanda ya ƙi faɗinta, ga shi can yana lissafin shekaru a bayan katanga, ga yara uku ba uwa, ga marainiya an ɓata sunan ubanta a kabari, ga tsohuwa ta haifi biyu ta rasa biyu.

Ya Allah ka wadatar da mu da abin da ka ba mu, ka cire mana kwaɗayin girman da ba namu ba. Ka ji ƙan matar magini, ka raya abin da ta bari. Ka shiryi wanda ya ɓata, ka karɓi tubansa in ya tuba. Kada ka sa ran wani ya salwanta a hannunmu, kada ka kai mu hannun wanda bai sani ba kuma ya ƙi faɗa. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.